Ranar Da Aka Kawo Gawa Ba Ita Ce Ranar Janye Soja Ba

Duk lokacin da rediyo ta ce an kashe sojojin kiyaye zaman lafiya a wata ƙasa, magana ɗaya ce ke fitowa daga bakin jama'a, ko a zauren majalisar dokoki ne ko a gindin dalbejiyar da muke zaman hantsi a nan ƙasar Ringim: a dawo da yaran nan gida. Haka aka yi a farkon 2025, lokacin da 'yan tawayen M23 suka kama birnin Goma na gabashin Kwango, aka kashe sojojin Afirka ta Kudu 14. Tun kafin a binne su ƙasar ta ɗauki zafi, kuma zuwa watan Maris ƙungiyar SADC ta ƙasashen kudancin Afirka ta ce rundunarta ta gama aiki, kowa ya kama hanyar gida.

Wani zai ce ina ruwan mutumin ƙauye a Jigawa da wannan. Da ruwansa kuwa. Ɗan minista ba ya shiga soja a kurtu. Waɗanda ke bin layin ɗaukar aiki 'ya'yan manoma ne da masunta da masu saƙar tabarma, daga garuruwa irin namu, su ne kuma ake lodawa a jirgi a kai ƙasar da ko sunanta iyayensu ba su iya faɗa ba. Saboda haka in na ji uwa ta ce a dawo mata da ɗanta, ba ni da bakin yi mata gardama. Gardamata da masu mulki ce, waɗanda ke fakewa da kukan uwar su yanke hukunci cikin firgici. A ganina, ranar da rikici ya ƙazanta ita ce rana mafi muni da za a zaɓa don kwashe sojojin da mutane suka riga suka fake a bayansu.

Abin da ya kai ni ga wannan matsayi shi ne Ruwanda. A ranar 7 ga Afrilu 1994, washegarin harbo jirgin shugaban ƙasa Habyarimana, aka kashe sojojin Beljiyam 10 da ke cikin rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya a Kigali. Masu kisan sun san abin da suke yi. Sun ga yadda Amurka ta tattara nata ta bar Somaliya bayan an kashe mata soja 18 a Mogadishu cikin Oktoba 1993, sai suka yi lissafin cewa in an zubar da jinin Bature kaɗan, sauran za su gudu. Lissafin nasu bai faɗi ƙasa ba. Beljiyam ta ce za ta kwashe nata.

A lokacin akwai wata makarantar koyon sana'a a unguwar Kicukiro inda wasu sojojin Beljiyam suka yi sansani. Kimanin mutum 2,000, akasari 'yan Tutsi, sun kwarara cikin makarantar da 'ya'yansu da tsofaffinsu, don sun ga tutar Majalisar Ɗinkin Duniya. Masu adduna suna waje suna kewaya, ba su iya shiga ba. Ran 11 ga Afrilu sojojin suka hau motocinsu suka fice. Kafin gari ya waye an kora mutanen nan zuwa wani tudu an karkashe mafi yawansu. Bayan kwana goma Kwamitin Sulhu ya zauna a New York, maimakon ya ƙara soja sai ya rage rundunar daga kusan 2,500 zuwa 270. Cikin kwana 100 aka kashe kimanin mutum 800,000.

Abin da nake so mai karatu ya tsaya a kai shi ne yadda mutanen nan suka taru a makarantar. Da babu soja a wurin, da kowa ya yi ta kansa: wani ya shige rami, wani ya nufi iyaka, wani ya ɓuya a rufin maƙwabci. Wasu da sun mutu, wasu da sun tsira. Zuwan soja ne ya tara su wuri ɗaya, tafiyarsa kuma ta miƙa su ga makasa a dunƙule, ba wahalar nema. Mu da muke zaune a bakin kogin Haɗejiya mun san hukuncin mai fito. Yana da ikon ya ce yau ruwa ya yi ƙarfi, ba zai ɗauki kowa ba, babu mai zarginsa. Amma in ya riga ya loda mata da yara ya kai tsakiyar ruwa, ba shi da ikon ya ce iska ta taso, kowa ya sauka. Amana ta hau kansa tun daga lokacin da ya ce a shigo.

A cikin wannan abin kunya akwai waɗanda suka fita da mutuncinsu, kuma 'yan Afirka ta Yamma ne. Sojojin Gana ƙarƙashin Birgediya Henry Anyidoho, mataimakin kwamandan rundunar Janar Roméo Dallaire, sun ƙi tafiya. Su 'yan ɗaruruwa, ba isasshen harsashi, ba isasshen abinci, suka tsare filin wasa na Amahoro da wasu wurare, dubban mutane suka rayu a dalilinsu. Wani kyaftin ɗan Senegal, Mbaye Diagne, ya riƙa ɗebo mutane a motarsa yana ratsa shingayen makasa da fatar baki, har aka kashe shi a ƙarshen watan Mayu. Wato ko ragowar runduna da aka yi wa riƙon sakainar kashi ta ceci rayuka, don dai ta tsaya.

Ba sai mun je Ruwanda ba ma. A watan Janairu 2020 Cadi ta kwashe sojojinta kimanin 1,200 da suka yi watanni suna taya mu yaƙi a arewacin Borno. Mutanen Gajiganna ba su jira sanarwar kowa ba, suka ɗaure kayansu suka nufi Maiduguri. Sun san abin da mai zaman ofis a Abuja bai sani ba: duk garin da soja ya zauna, akwai wadda ta sayar masa da ƙosai, akwai wanda ya ɗebo masa ruwa, akwai wanda ya nuna masa hanya, kuma akwai idon da ke ƙirga su. Ranar da soja ya tashi, waɗannan ne ake fara nema. Yanzu da 'yan bindiga suka fara leƙo Shanono da Tsanyawa daga ɓangaren Katsina, je ka tambayi mai garin da aka ajiye masa motar soja biyu abin da yake tsoro. Ba zuwansu ya dame shi ba. Tunaninsa yana kan daren da za a ce an canza musu wurin aiki.

To amma masu cewa a dawo da su ba sakarkaru ba ne, kuma hujjarsu tana da nauyi. A garinmu akwai wani dattijo da ya yi aikin soja a Saliyo a zamanin ECOMOG, rundunar ƙasashen Afirka ta Yamma, yanzu yana noman ridi yana jiran fansho. Ran nan da na kawo wannan magana a majalisa, ya bari na gama tsaf, sannan ya ce, "Malam, kai a takarda ka san yaƙi. Wanda ya ce a tsaya, shi ya kamata a fara ba bindiga." Na ce, "Baba, ai ku da kuka tsaya ne ya sa Saliyo take ƙasa a yau." Ya ce, "Ita ta zama ƙasa. Ni na zama me?"

Tambayar tasa tana bisa hanya. Tun daga Agusta 1990 da ECOMOG ta sauka a Monrobiya, Najeriya ce ta ɗauki mafi yawan nauyin soja da na kuɗi a Laberiya, sannan a Saliyo, inda sojojinmu suka mayar da Ahmad Tejan Kabbah kan mulki a 1998, suka kuma sha baƙar wuya da 'yan tawaye suka afka wa Firitawun a Janairu 1999. Adadin da aka fi ambata na abin da ƙasar nan ta kashe shi ne dala biliyan 8, a shekarun da malamin makaranta ke wata da watanni ba albashi. A Darfur, cikin azumin 2007, 'yan tawaye suka mamaye sansanin Tarayyar Afirka a Haskanita suka kashe soja 10, bakwai daga ciki namu ne. An ajiye su a tsakiyar daji ba jirgin da zai kawo musu ɗauki. Sai kuma abin da ya fi ci mini rai. Majalisar Ɗinkin Duniya tana biyan ƙasar da ta ba da soja kuɗi a kan kowane mutum, yanzu sama da dala 1,400 a wata, kuma gwamnati ake ba, ita ke raba wa soja nasa. A Yuli 2008 sojojin da suka dawo daga Laberiya suka tare hanya a Akure suna neman alawus ɗinsu da ya maƙale. Kotun soja ta yanke wa 27 ɗaurin rai da rai, daga baya aka rage zuwa shekara bakwai. Mutum ya je ƙasar wani ya sa ƙirjinsa, ya dawo ya tambayi haƙƙinsa, ya ƙare a kurkuku. Duk mai son ya ce a tsaya, irina, dole ya haɗiye wannan tukuna.

Sai dai in aka duba da kyau, duk waɗannan ƙorafe-ƙorafe a kan yadda muke riƙe sojanmu ne. Maganinsu a biya shi haƙƙinsa, a ba shi kayan aiki, a kula da matarsa in ya faɗi. Matar da ta fake a sansanin 'yan gudun hijira da 'ya'yanta biyar ba ita ta cinye alawus ɗin ba, bai kamata a fanshe a kanta ba.

Hujja ta biyu ita ce wadda aka fi ji a shayi da kasuwa: gida bai ƙoshi ba za a kai wa dawa? Zamfara na ci da wuta, Katsina na ci, Borno ba ta huce ba, me sojanmu yake yi a ƙasar wasu? Wannan an gwada ta. A 2013 Najeriya ta tura soja Mali, ba a yi nisa ba cikin shekarar ta kwaso mafi yawansu, aka ce ana bukatarsu a gida saboda dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa. Shekarar da ta biyo ita ce mafi muni da muka gani: Buni Yadi a Fabrairu, Cibok a Afrilu, Gwoza da Bama da Mubi suka faɗi ɗaya bayan ɗaya, aka tayar da bam a babban masallacin Juma'a na Kano a Nuwamba 2014. Ba ina cewa dawowa daga Mali ce ta jawo wannan ba. Ina cewa bataliya ɗaya ba ta taɓa zama abin da ya raba mu da zaman lafiya ba. Ciwonmu yana cikin kuɗin makamai da ke ɓacewa, da sojan da ake bari shekaru a daji ba canji, da 'yan sandan da aka raba wa manya suna riƙe musu jaka. Sojojin da muke da su a waje yau 'yan kaɗan ne in aka gwada da zamanin ECOMOG. Ko an dawo da su gobe, mutumin Shanono ba zai ji bambanci ba.

Darfur ta fi kusa da zuciyata, don ta can kakanninmu suka bi zuwa Makka a ƙasa, ta Abeshe da Al-Junaina da Al-Fashir, wasu ma suka yada zango ba su dawo ba, jikokinsu suna Sudan har yau suna jin Hausa. Rundunar UNAMID ta haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya da Tarayyar Afirka, wadda ɗan Najeriya Janar Martin Luther Agwai ya fara jagoranta a 2007, ta sha zagi iri-iri, kuma da yawa ta cancanta. An ce tana cin kuɗi, an ce ana kai hari a gabanta tana kallo, an ce tana ɓoye laifin gwamnatin Khartum. Wa'adinta ya ƙare ran 31 ga Disamba 2020, bisa hujjar cewa an kawar da Al-Bashir, sabuwar gwamnati za ta tsare mutanenta. Ba a yi sati uku ba aka afka wa sansanin Krinding a Al-Junaina, aka kashe fiye da mutum 100. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojan Sudan da dakarun sa-kai na RSF a Afrilu 2023, abin da aka yi wa ƙabilar Masalit a wannan gari ba ya faɗuwa. Yunwa ta kama sansanin Zamzam, aka yi wa Al-Fashir ƙawanya fiye da shekara. Ban ce UNAMID za ta hana wannan yaƙi ba, ba ta da ƙarfin. Amma da akwai ƙofar da mace za ta ruga ta shiga, da akwai idon baƙo da mai kisa zai ɗan ji nauyinsa. A Sudan ta Kudu, da yaƙi ya tashi a Disamba 2013, buɗe ƙofofin sansanonin Majalisar Ɗinkin Duniya kawai aka yi, kuma akwai lokacin da mutum sama da 200,000 ke zaune a ciki. Runduna mai rauni da babu runduna ba ɗaya ba ne, wanda ya taɓa gudun tsira ya sani.

Kar a ɗauka ina cewa a zauna ko ta halin ƙaƙa. Akwai zaman da yaudara ne. A Srebrenica ta ƙasar Bosniya, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce gari ne na aminci, ta ajiye 'yan ɗaruruwan sojojin Holan da ƙananan bindigogi. A Yuli 1995 dakarun Sabiyawa suka shigo, suka ware maza da samari Musulmi kimanin 8,000 suka kashe, sojojin suna nan ba su tafi ko'ina ba. Tsayawar da ba ta da haƙori ita ma tara mutane take yi wa makashi. Don haka in na ce a tsaya, ina nufin a ƙara ƙarfi, a ba da jirage da izinin harbi don kare farar hula. In ƙasashen da ke da kuɗin sun ce ba za su bayar ba, to a fito a gaya wa mutanen gari gaskiya, a raka su inda za su tsira, sannan a naɗe tuta. Akwai kuma inda zaɓin ba ya hannun baƙo. A Yuni 2023 gwamnatin sojan Mali ta ce rundunar MINUSMA ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fita, bayan shekara 10 da mutuwar ma'aikatanta sama da 300. Aikin kiyaye zaman lafiya da yardar mai gida ake yin sa, in ya ce a tafi, sai tafiya. Ko a nan ma gaggawar da aka yi, wata shida kacal, ta sa aka riƙa gwabza faɗa a kan wanda zai gaji sansanonin da aka bari a Ber da Kidal.

Kwango kuwa ita ce hujjar da ta fi ƙarfi a hannun masu cewa aikin banza ne. Duk wanda ya san Kano ya san Barikin Bukavu, kuma Bukavu gari ne a gabashin Kwango inda sojojinmu suka yi aiki a farkon shekarun 1960, zamanin da Aguiyi-Ironsi da Murtala Muhammad da Obasanjo duk suka taka ƙasar. Bayan shekara 60 da ɗoriya, a Fabrairu 2025, 'yan tawaye suka shiga wannan Bukavu ɗin. Rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yanzu tana ƙasar tun 1999, har mutanen Goma sun sha yin zanga-zanga suna cewa ta tafi. Soja ba ya sasanta masu rigima a kan ma'adinai da ƙasa da maƙwabta masu hura wuta. Lokaci kawai yake saya wa 'yan siyasa, in sun ƙi amfani da shi, sai a shekara 25 ana sintiri. Irin wannan runduna ya kamata a yi mata shirin tafiya, lardi bayan lardi, a lokacin da ƙura ta lafa. An fara hakan a wasu larduna, amma ba a kammala ba har gari ya faɗi.

Saliyo ɗin da dattijon garinmu ya yi ita ce ta nuna ɗaya fuskar. Da Obasanjo ya hau mulki a 1999 ya ce Najeriya ba za ta iya ci gaba da ɗaukar nauyin ita kaɗai ba, bai kwashe soja dare ɗaya ba. An janye kashi-kashi, wasu suka sauya hula suka shiga rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya. Duk da haka, a Mayu 2000 da ragowar ECOMOG suka fita, 'yan tawayen RUF suka kama sojojin Majalisar kusan 500 suka yi garkuwa da su. A ranar, duk alamu sun nuna a tattara a gudu, irin na Kigali. Ba a gudu ba. Ingila ta kawo ɗauki, aka ƙara rundunar har ta kai 17,500, aka karɓe makamai, aka ayyana ƙarshen yaƙi a Janairu 2002, rundunar ta tafi a ƙarshen 2005 ba wanda ya bi ta da harbi. A Laberiya ma sojojinmu ne suka fara sauka a Agusta 2003, rundunar ta zauna har 2018, ta tafi bayan Ellen Johnson Sirleaf ta miƙa wa George Weah mulki ta hanyar zaɓe.

Sashe na 5 na tsarin mulkinmu ya ce ba a tura soja fagen daga a wajen Najeriya sai da amincewar Majalisar Dattawa. Mun ga amfanin wannan a Agusta 2023, da aka so a afka wa Nijar bayan juyin mulki, sanatoci suka ƙi, mu da muke cin kasuwar Maigatari muka yi ajiyar zuciya. Wannan ikon nake so sanatocinmu na Jigawa da Kano su riƙa amfani da shi tun soja bai hau jirgi ba, don a lokacin ne ake da damar cewa a'a ba tare da an ci amanar kowa ba. Su tambayi wa zai kawo ɗauki in an kewaye yaran nan da dare, wa za a miƙa wa mutanen gari ranar tafiya, kuma ta wane asusu alawus zai bi har ya shiga hannun kurtu. In ministan tsaro ya kasa amsawa a gaban jama'a, kar a sa hannu.